Guguwa a Garin Ruwa, Ni Kuma a Hanyar Makera

Ikom, kafin gari ya waye

Ana yayyafi lokacin da na rufe ɗakina, ladanin masallacin Hausawa na bakin kasuwa bai ma yi kiran farko ba. Jaka ɗaya na ɗauka, sai wayata da tun shekaranjiya ban ajiye ba. A Ikom nake bautar ƙasa, ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Shugabar makarantar ta ba ni izinin mako guda ba tare da ta ja magana ba, don ta ga idona.

Ga abin da ya tayar da ni. Mu biyu ne kaɗai wurin Umma, ni da Yaya Nura. Shi yana aiki a wani ɗan tsibiri can ƙetaren tekun Atlantika, inda masu hali ke zuwa hutu. Nama yake gasawa a wani otal na bakin ruwa. Tsiren da ya koya a bakin titin Makera, unguwarmu ta Kaduna, shi ne ya kai shi wani otal a Abuja, daga nan aka ɗauke shi zuwa can. Sunan tsibirin yana yi wa Umma wuyar faɗa, shi ya sa a gidanmu Garin Ruwa muke ce masa.

Shekaranjiya da yamma ya turo mini saƙon murya. A bayansa ina jin ana ta buga guduma.

"Auta, wata guguwa ce aka ce ta doso mu, babba. An kwashe baƙi a jirgi, saura mu 'yan gida. Muna rufe tagogi da katako, daga nan za mu hau makarantar kan tudu mu fake. In kin ji ni shiru, wuta ce da sabis, ba wani abu ba. Kada ki faɗa wa Umma, kin san hawan jininta."

Ya ƙare da 'yar dariyar nan tasa. Daga nan ban sake jin sa ba. Na kwana ina juyi, na wuni ina kallon waya, sannan na yanke shawara: ko mai daɗi ne ko akasinsa, labarin nan ba zai sami Umma ita kaɗai ba. Ban kira ta na ce ina tafe ba, don na san tambayar da za ta biyo baya.

A tasha na yi sallar asuba, a rumfar wani mai shayi ɗan Zariya. Motar Makurɗi ta cika wajen ƙarfe shida.

Daga Ikom zuwa Makurɗi

Direbanmu Tibi ne, sunansa Terna, ya yi zaman Jos har Hausa ta zauna a bakinsa. Da ya ga hular bautar ƙasa a kan jakata sai ya ce, "Kopa, dawo gaba. Sojoji suna ganinki ba za su ɓata mana lokaci ba."

Haka kuwa aka yi. A shingen farko sojan ya leƙo, ya sara mini da wasa, ya ce mu wuce. Terna ya ce da zan yarda da kullum ya ɗauke ni kyauta.

Hanyar Ikom zuwa Ogoja kurmi ne, gonakin koko da ayaba hagu da dama, ga kwakwar manja tsaye a bayansu. Iskar da ta biyo ruwan tana kaɗa ganyen ayaba, wasu har sun yage. 'Yar iska ce, wadda ko laima ba za ta ƙwace ba, amma na kasa ɗauke ido daga kansu.

Ban taɓa zuwa Garin Ruwa ba, amma na san shi kamar na yi wayo a can. Duk Juma'a Yaya Nura yakan kira ni ta bidiyo, ya zagaya da ni. Manyan otal-otal suna jere a bakin yashi, farare tas. A bayansu kuma akwai ƙauyen da ke riƙe da su: masu wanki, masu shara, masu dafa abinci, masu kai baƙi yawo a kwalekwale. Gidajensu na katako ne, wani shuɗi, wani ruwan ɗorawa, wani kore, kamar an zube kwalin alawa a gindin dutse. A ɗaya daga ciki yake haya, wurin wata tsohuwa mai soya kifi da ya raɗa wa suna Iya Mai Kifi. Ta koyi cewa "sannu", takan tura fuskarta cikin wayar ta faɗa mini sau uku. Yaran ƙauyen kuwa ba su san sunansa ba, Suya suke kiransa.

Su nake ta lissafawa a raina har muka wuce Ogoja. An kwashe baƙi a jirgi. To Iya Mai Kifi fa, da ƙafarta mai ciwo, wa ya hau da ita tudu? Kwalekwalen da ake ci da su, ina aka kai su?

A Gboko muka tsaya shan mai. Mata suka yanyame motar da lemu, na sayi ƙulli ɗaya don Umma tana son na Binuwai. Rana ta take tsaka muka shiga Makurɗi. Daga kan gada na ga kogin ya cika ya batse, ruwa ja jawur, ya shiga gidajen bakin gaɓa har taga. Wani mutum yana tuƙa kwalekwale a inda, ga dukkan alamu, tsakar gidansa ne.

A tashar Arewa na sa waya caji a rumfar wata mai abinci, na ce a zuba mini sakwara. Sabis ya kawo, na shiga labarai. Guguwar ta sauka. Na ga rufin kwano yana tashi sama kamar takarda, na ga itatuwan kwakwa sun rusuna har ƙasa, na ga teku yana tafiya a kan titi. Ba a nuna ƙauyen ba. Masu ɗaukar hoto bakin otal suke tsayawa.

Mai abincin ta zo ta kife wayar a kan tebur.

"'Yata, ci tukuna. Abin da ke cikin nan ba zai gudu ba."

Na ci loma uku don kunyarta.

Daga Makurɗi zuwa Akwanga

Motar Akwanga ƙarama ce, mu huɗu a baya. Direban, Malam Sale, mutumin Lafiya ne mai son hira. Bai yi nisa ba ya lura da ni ta madubi.

"Malama, tun tasha kike shafa wayar nan kamar carbi. Ango ne ya yi fushi?"

Na ce yayana ne, guguwa ta faɗa wa garin da yake.

"Guguwa? Haba, Malama. Ai sai ya yi a'uzubillahi ya kauce mata ta wuce. Mu da muke yara har bin ta muke yi."

Motar ta ɗauki dariya, ni ma na murmusa. Guguwar da muka sani ke nan, wadda ke tashi a fili da rani, ta kwashi leda da kara, ta juya su ta watsar. Na yi musu bayani cewa wannan a kan teku take haɗuwa, faɗinta ya fi jiha guda, tana tafe da ruwan sama da igiyar ruwa mai tsayin bene. Na nuna musu bidiyon. Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu, dariyar ta ɗauke.

Wani dattijo mai buhun barkono da ke kusa da ni ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kin ce tsibiri ne?"

"E, Baba."

"Ruwa gaba, ruwa baya?"

"E."

"To, in abu ya zo, ina ake gudu?"

Malam Sale ya rage rediyo, ya ce, "Allah ya tsare shi, Malama. Ki yafe mini wasan da na yi." Dattijon ya ɗaga hannu ya yi addu'a, duk muka shafa, har da wata mata mai gicciye a wuya.

Mun kusa Lafiya waya ta yi ƙara. Na duba: Umma.

"Auta, kina lafiya? Ƙarar mota nake ji."

"Lafiya lau, Umma. Na ɗan fita ne."

"To. Kin ji daga yayanki?"

"Shekaranjiya mun yi magana. Ya ce aiki ya yi musu yawa."

Can ta ce, "To, madalla. Ki riƙa cin abinci." Ta kashe.

Daga Lafiya zuwa Akwanga shinge uku muka wuce, ba wanda ya tsayar da mu sosai. Duwatsun Nasarawa Eggon sun yi kore shar, gajimare ya sauko ya zauna a kafaɗarsu. Ko yaushe na bi hanyar nan sai na ji kamar in sauka in hau. Ranar kuwa tudu ɗaya kawai nake tunani, da wata makaranta a kansa.

Kwana a Kafanchan

A Akwanga na sami motar Kafanchan da ƙyar, la'asar ta riga ta yi. Muka bi ta Gwantu da Gidan Waya, ruwa yana sauka yana ɗaukewa. Ana kiran magariba muka shiga gari. Direbobin Kaduna duk sun ɗaure motocinsu, suka ce ba mai bin hanyar Kachia in rana ta faɗi, sai da safe.

Ina da gida a Kafanchan, ko da yake rabona da mai shi tun ina aji uku na sakandare. Maman Bulus maƙwabciyarmu ce a da a Makera, ƙofarta tana kallon tamu a gidan haya ɗaya. Mijinta da marigayi Babanmu tare suka yi aiki a masaƙar Kakuri. Shekarar da gari ya rikice suka koma Unguwar Romi, da mijin ya rasu kuma ta dawo garinsu. Ɗan acaɓa ya kai ni har ƙofa, da kwatancen cocin da ke kusa da ita.

Tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago, ta ƙura mini ido, sai ta saki rariyar.

"Wa nake gani? Autar Hajiya? Ke ce kika zama mace haka? Zo nan, zo nan, ja'ira!"

Ta rungume ni, duk ta shafa mini gari a hijabi. Ta ba ni buta da tabarma, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Kafin in idar ta ɗora tukunya. Tuwon acca ta yi da miyar karkashi, irin wanda take miƙo mana ta ƙofa muna yara.

Muna ci muna tuna Makera ta da. Jiniyar masaƙa da ke tashin unguwa gaba ɗaya, maza su fito a kan kekuna kamar an buɗe dam, auduga a gashin kansu. Shinkafar Kirsimeti da ke shigowa ɗakinmu a babban kwano mai murfi, naman layya da ke fita zuwa nata. Ranar da Yaya Nura da Bulus suka sato hanya suka tafi wanka kogin Kaduna, aka kamo su jiƙe sharkaf.

"Ni na zane su, su biyun," in ji ta. "Hajiya ba ta iya dukan ɗan fari a gaban mutane, sai ta miƙo mini bulalar. Yaron nan tun yana ƙarami ruwa ke kiransa. Yana can lafiya dai?"

A nan na kasa. Na ajiye lomar, na faɗa mata komai, na kunna mata saƙon. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake kunnawa. Sannan ta durƙusa a gefen kujera ta yi addu'a da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba sai sunansa da ke fitowa a tsakiya.

Da ta tashi ta share ido da bakin zane ta ce, "Gobe tare za mu tafi."

"Mama, da kin huta. Hanyar ba daɗi."

"Rufe mini baki. Ranar da aka haife shi ungozoma ba ta iso ba, ni na karɓe shi da hannun nan. In Hajiya za ta yi jira, tare za mu yi."

Na ji daɗi har raina. Ban hango komai a ciki ba, ita ma haka.

Daga Kafanchan zuwa Kaduna

Da sassafe muka fito. Maman Bulus ta ɗaura zane mai duhu, ta yafa baƙin gyale, ta ce unguwar Musulmi za ta shiga, ba za ta je kai a buɗe ba. Ta riƙo ƙullin acca da citta na tsaraba. Motar ba ta cika ba sai da hantsi ya ɗaga.

Dutsen Kagoro yana hannun dama, rabinsa a cikin hazo, ruwa yana zubowa daga jikinsa siriri kamar zare. Muka wuce Zonkwa, muka shiga ƙasar citta. A Kachia aka tsaya, masu awara da dafaffiyar masara suka zo taga. Maman Bulus ta saya mini masara, ta tsare ni da ido sai da na cinye.

Daga nan shingaye suka yawaita. A wani wurin aka sauke maza duka aka duba kaya, mu mata aka bar mu a ciki. Duk inda sabis ya kawo sai na kira lambarsa. Wata Baturiya ce ke amsawa kullum, da muryarta mai sanyi, tana cewa ba a samun mai lambar. Na tsani muryar nan kamar na san mai ita.

Labarai sun ce guguwar ta wuce, an fara ƙirga ɓarna, akwai waɗanda ba a gani ba. Ba suna, ba unguwa. Na kife wayar a cinya na jingina da taga, hawaye suna zuba ba sauti. Maman Bulus ba ta ce in daina ba, hannuna kawai ta riƙe.

Muka wuce Kufana, Kasuwan Magani, Kujama. Da muka iso Maraban Rido na hango dogayen bututun matatar mai, na san na zo gida. A Sabon Tasha muka sauka, cikin hayaniyar kwandastoci da ƙamshin gasasshiyar masara. Muka ɗauki keke shata zuwa Makera. Mai keken ya bi da mu ta Kakuri, ta gaban masaƙun. Bishiyoyi sun tsiro a cikin rufinsu, ƙofar da Babanmu ya yi shekaru yana shiga ta yi tsatsa, awaki suna kwance a gindinta.

Maman Bulus ta ce, "Kai, duniya. Nan fa da ba ka samun wurin taka ƙafa."

Makera

An fito daga sallar azahar muka sauka a bakin layinmu. Mutum na farko da muka ci karo da shi Malam Idi ne, limamin masallacin unguwa, aminin Babanmu. Yana sanye da farar riga, carbi a hannu. Ya yi mamakin ganina, ya fi mamakin ganin Maman Bulus. Suka gaisa, suka tambayi bayan rabo. Na faɗa masa abin da ke tafe da mu a taƙaice.

Ya ce, "Subhanallahi. Mu je in raka ku, in ya so in kwantar mata da hankali."

Haka muka jera: liman a gaba yana jan carbi, kansa a sunkuye, tsohuwar maƙwabciya da aka yi shekaru ba a gani ba, cikin baƙin gyale, ni a baya, ba sanarwa, tsakiyar zangon karatu, idanuna sun kumbura sun yi ja. Na ga mata suna leƙowa ta ƙofofi, na ga mai kanti ya miƙe tsaye ya cire hula ya mayar. Ban fahimta ba. Ni da na tashi a layin nan, na sha ganin irin wannan jeri yana shiga gidan mutane, ban fahimta ba.

Malam Idi ya yi sallama. Umma tana bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, rediyonta a gefe. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi Maman Bulus, ta dube ni. Ta ajiye farantin a hankali, kamar mai tsoron ya fashe.

"Nura ne?"

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji kamar yadda iyayenmu ke yi. "Yayanki" take cewa, ko "yaron nan". Jin sunan ya sa na daskare, na kasa buɗe baki. Shirun nawa kuwa ya zama amsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Umma, da ƙarfi, har sau uku. Ta zame daga kan kujera ta zauna a ƙasa.

A nan ne muka farga, mu ukun a lokaci ɗaya. A wurinmu ba a faɗa wa uwa rasuwar ɗa ta waya. Ana samo malami, a samo tsohuwar aminiya, a kira na nesa ya dawo, a shigo mata tare. Abin da muka kawo mata ke nan ba mu sani ba.

"A'a, Hajiya! A'a!" Malam Idi yana ɗaga hannu. "Ba haka ba ne!"

"Umma, wallahi ba mu ji komai ba," na faɗi a gabanta na riƙe ta. "Ba a ce ya rasu ba. Shiru ne kawai."

"Kada ku ɓoye mini, Malam. Tun jiya na ji a rediyo, sun faɗi sunan garin. Na iya ɗauka. Ku faɗa mini kawai."

Ashe ta sani. Sunan da ba ta iya faɗa, kunnenta ya riƙe shi. Ta kira ni a mota don ta ji ko na sani, ta ji ina ɓoyewa, ita ma ta ɓoye.

Maman Bulus ce ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta kama fuskarta da hannu biyu. "Hajiya, dube ni. Na taɓa yi miki ƙarya? Da ya mutu da kuka zan shigo, ba da acca ba. Ga ta nan, duba."

Umma ta dubi ƙullin accar ta daɗe. Numfashinta ya fara daidaita. Na kawo mata maganinta da ruwa, na kunna mata saƙon, ta saurara idonta a rufe.

Amma salatin nan ya riga ya tsallake katanga. Kafin mu ankara mata sun fara shigowa da hijabai, suna "Allah ya ji ƙansa, Allah ya ba da haƙuri." Wata ta kwaso tabarmi, wata ta aiko da itace da babbar tukunya. A waje maza sun shimfiɗa darduma a gindin dalbejiya. Malam Idi ya fita ya shiga, ya fita ya shiga, yana bayani har muryarsa ta dushe. Wanda ya fahimta sai ya ji kunyar tashi, wani sabo kuma ya shigo da tasa ta'aziyyar.

Daga ƙarshe Malam Idi ya ce, "To, tunda Allah ya tara mu, kowa ya zauna. A yi masa addu'ar tsari, shi da mutanen garin."

Aka zauna. Shinkafar da aka ɗora ba a sauke ba. Aka yi la'asar, aka dawo aka ci gaba.

Rana ta yi sanyi wayata ta yi ƙara. Doguwar lamba ce, ban san ta ba. Na danna, na sa a lasifika.

Ƙara, iska, muryoyi da wani irin Turanci. Sannan:

"Auta? Auta, kina ji na? Wayar masu agaji ce, layi ake bi, minti biyu aka ba ni."

Ban san wa ta fara guɗa ba. Maman Bulus ta miƙe tana tafi tana juyi, gyalen ya faɗi ba ta kula ba. A waje na ji maza suna kabbara.

"Lafiyata ƙalau," yake cewa. "Iya Mai Kifi ma tana nan, goya ta na yi a bayana na hau da ita. Amma gidan ya tafi, Auta, ko katako ɗaya ba mu samu ba. Rabin ƙauyen babu. Masunta biyu ba a gan su ba har yanzu. Otal ɗin ma sai an yi wata da watanni. Ke, wace hayaniya ce haka? Ina kike?"

"Ina gida, Yaya."

"Gida? Biki ake yi?"

Na miƙa wa Umma wayar. Ta dube ta, ta dubi matan da suka cika tsakar gida suna kallonta. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kawar da kai.

"Ki ce masa zaman makokinsa ake yi. Mutane sun bar aikinsu sun zo. Ki kai musu shi ya gaishe su."

Haka minti biyun Yaya Nura suka ƙare. Na zagaya da waya tabarma zuwa tabarma, yana "Na gode, Allah ya ba da lada," ana amsa masa da dariya da hawaye. Malam Idi ya ce masa shekara talatin yana limanci, bai taɓa ganin mamacin da ya yi godiya da bakinsa ba. Layin ya yanke Maman Bulus tana tsaka da yi masa faɗan ruwa.

Godiya

Na gode wa Allah da ya kawo ni gida lafiya, ya kuma tsare mana shi. Na gode wa Terna da Malam Sale, da mai abincin Makurɗi da ban tambayi sunanta ba, da dattijo mai barkono. Na gode wa Maman Bulus, wadda ta kwana uku a ɗakin Umma suna hira kamar ba a taɓa rabuwa ba, da Malam Idi, da mutanen layinmu da suka zo kuka suka ci shinkafar sadaka suka koma. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa mutanen Garin Ruwa a addu'a. Baƙi za su sami wani bakin tekun su je hutu. Su kuwa nan ne gida.

Bayan magariba, da kowa ya watse, ina naɗe tabarmi Umma ta fito ta tsaya a kaina. Ta ɗan jima tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Sannan ta rage murya, ko da yake ba kowa a gidan sai mu.

"Auta. Yaron nan, ba ki ji kamar mura ce a muryarsa ba?"